Gide Wanzami da Dodon Rumbu

Duk wanda ya taɓa zama a bencin Malam Gide wanzami, can gefen tashar Ƙanƙara, ya san ba aski kaɗai ake samu a wurin ba. Kafin ya gama kai guda sai ya zama mutum huɗu ko biyar. Ya kwaikwayi tafiyar dillalin shanu, ya kwaikwayi tarin tsohon ladan, ya kwaikwayi tsohuwa tana yi wa akuya faɗa, aska na hannunsa, mai kai na roƙonsa ya bi a hankali.

Haifaffen Faskari ne, kuma gadon wanzanci ya yi. Amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce zabira ta ubansa ce, shi ɗan wasa ne. Yana da hujja. Lokacin samartakarsa sun kafa wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, ana kwasarsu a bayan a-kori-kura zuwa kasuwannin ƙauye su wayar wa mutane kai a kan rigakafi da tsaftar ruwa. Shi ke fitowa a maigari mai taurin kai. A kasuwar Sabuwa, in ji shi, wata mai fura ta yi dariya har ƙwaryarta ta kife. A ranar ne wani mutum mai tabarau ya rubuta sunansa a takarda, ya ce za a neme shi daga gidan talabijin. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, ba a neme shi ba. Ƙungiya ta watse, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya shida. Da ƙauyukan da yake yawon aski suka daina shiguwa saboda 'yan bindiga, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo Ƙanƙara.

A nan ya yi amini, Ɗanliti mai haƙar rijiya, mutumin Pauwa. Dogo ne siriri, idanunsa can ciki, kuma sai ya wuni bai yi magana goma ba. Ranar da ba shi da aiki yakan zo ya zauna a ƙarshen benci ya saurara. Gide na ƙaunarsa ƙwarai, don bai taɓa katse masa labari ba.

Da kakar bara Mansura ta zo gida. Ɗiyar ƙanen Gide ce, tana karatun aikin jarida a wata kwaleji, kuma an ba su aikin kammala shekara: kowane rukuni ya shirya gajeren fim. Nasu rukunin na ban tsoro ya zaɓa. Ta zo wurin askin tare da abokan karatunta biyu, Nasir mai riƙe kyamara da Muttaka wanda zai fito a manomi, ta durƙusa ta gaida baffanta, ta ba shi labarin. Wani manomi ne ke satar hatsin marayu daga rumbu, sai wani abu ya fara tsaya masa. Duk inda ya waiwaya yana nan, bai magana, bai motsi.

Gide ya ajiye aska, ya gyara hula, ya gyara murya.

"Ɗiyata, ai kin zo gida. Wane irin dodo kuke so? Mai gurnani ko mai dariya?"

Mansura ba ta ji shi ba. Idonta na kan ƙarshen benci.

"Baba, wane ne wancan?"

"Wa? Ɗanliti? Rijiya yake haƙa."

Ta dubi Nasir, Nasir ya dube ta. Ta je ta durƙusa gaban Ɗanliti ta yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Tsayuwa kawai?" Ta ce tsayuwa kawai. Ya ce to.

Shi kuwa Gide, roƙon da aka yi masa shi ne ya samo musu gida mai tsohon rumbu. Ya samo, wani kango a bakin gari. Da aka fara aiki sai Nasir ya miƙa masa wani faffaɗan kwali da aka liƙe da takarda mai ƙyalli, ya nuna masa yadda zai tare rana ya mai da hasken a fuskar Ɗanliti. Da rana tsaka suke ɗauka, don ba mai son la'asar ta yi masa sanyi a bakin gari yanzu. Nasir ya ce kwamfuta ce za ta mai da ranar duhu.

Kwana biyu Gide na tsaye cikin rana da kwali. A gabansa aka shafe Ɗanliti da toka, aka yafa masa tsohon bargo, aka tsai da shi a gindin rumbu. Bai yi komai ba. Ya tsaya ne kamar yadda yake tsayawa in yana jiran mota. Amma da Mansura ta ce a tsaya sai yaran su ruga su leƙa kyamara suna ta sambarka. A kawo wa Ɗanliti kujera, a kawo masa ruwan sanyi, Muttaka har fifita yake masa. Ba wanda ya tuna mai kwali ma yana jin ƙishi.

Gide ya yi ƙoƙarin ba da shawara. Ya ce dodo ba ya tsayawa haka kamar turke, ya kamata ya zare ido, ya ɗan ja ƙafa. Mansura ta ce, "To Baba, za mu duba," da irin muryar da ake lallashin yaro. A gida ya kasa cin tuwo. Abin da ke cinsa ba wai an ƙi shi ba ne kawai. Shekara talatin yana jiran kyamara, ta zo har bencinsa, ta tsallake shi ta ɗauki mutumin da ko neman ta bai yi ba.

Rana ta uku da safe ya bi ta gidan Ɗanliti, a lokacin da ya san ya fita duba wata rijiya. Ya yi sallama, Adama matar Ɗanliti ta amsa daga bayan zaure. Suka gaisa. Ya juya kamar zai tafi, sai ya tsaya.

"Ni dai ban ce komi ba, Adama. Amma mutumin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai, zurfin gaba ashirin, a ce kuma shi ke kwaikwayon mutanen ɓoye. Ba a tsokanarsu. Allah dai shi tsare."

Bai jira amsa ba. Da hantsi saƙo ya zo cewa Ɗanliti ba zai sake zuwa ba, iyalinsa ta tada hankali.

Mansura ta zauna a kan turmi ta dafe kai. Kwana biyu suka rage a mai da kyamara makaranta. Gide ya ajiye kwali a hankali, ya ce tunda abin ya zama haka, shi ba zai ga ɗiyarsa cikin damuwa ya ƙyale ba.

Aka shafe shi da toka. Aka yafa masa bargon, wanda ya yi masa yawa har yana jan ƙasa. Da aka ce a fara, Muttaka ya waiwayo ɗauke da damin gero, Gide ya zare ido ya saki gurnani. Muttaka ya yar da damin ya tuntsire da dariya. Aka sake. Wannan karon ya ja ƙafa, matan maƙwabta da ke leƙowa ta katanga suka kwashe da dariya, wata har tana neman faɗowa.

"Baba, don Allah tsayawa kawai za ka yi."

Ya tsaya. Amma jikinsa bai saba ba. In ya riƙe baki sai gira ta ɗaga, in ya riƙe gira sai tumbi ya motsa. Sau tara ana sakewa. Daga ƙarshe ya ce a nuna masa, don bai yarda laifinsa ba ne. Nasir ya juyo masa da kyamara. Ya ga wani gajeren mutum mai ƙiba, fari fat da toka, kamar dankalin da aka tono daga murhu. Sai yatsan Nasir ya zame, hoton jiya ya fito. Ɗanliti ne tsaye a gindin rumbu, idanun nan kamar ramu biyu. Gide, wanda shi ya riƙe hasken da hannunsa, ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

Wannan ya fi dariyar matan yi masa ciwo. Ya wanke fuska, ya nufi gidan Ɗanliti. Ya same shi a ƙofar gida yana tufkar igiyar guga. Ya zauna. Karon farko a zamansu, Gide ne ya rasa abin faɗa.

"Ni na zuga Adama," ya ce daga baya.

"Na sani. Ta gaya mani."

"To mi ya hana ka zo?"

Ɗanliti ya ci gaba da tufka. "Na ga ka daɗe kana so. Na ce a bar maka."

Gide ya so a ce zaginsa ya yi. Da zagi ne da ya san abin da zai mayar. Ya tashi ya tsaya a bakin zaure ya janye maganarsa a gaban Adama, ya ce son zuciya ne ya sa shi, ba wani sani ba. Ta ce Allah ya kyauta. Washegari Ɗanliti ya koma gindin rumbu, Gide ya koma kan kwalinsa, kuma Nasir ya shaida cewa ba a taɓa riƙe masa haske daidai kamar na ranar ba.

Fim ɗin minti goma sha biyu ne. Malamansu sun yaba, kuma kafin wata guda ya shiga wayoyin mutanen gari. Yara suka sa wa Ɗanliti Dodon Rumbu. Samari na zuwa wurin askin su ɗauki hoto da shi, wani ma ya miƙa wa Gide wayar ya ce ya ɗauke su. Yakan ɗauka, amma an lura sau da yawa kan Ɗanliti ba ya fitowa a hoton. Sunan Gide na can ƙarshen fim, inda aka rubuta mai haske, sai dai mutane kan kashe kafin a kai nan. Ga masu aski kuwa, labarin da yake bayarwa shi ne shi ya koya wa Ɗanliti tsayuwar. Ɗanliti na ƙarshen benci yana ji, bai taɓa musawa ba.

Watan jiya wasu ɗalibai biyu suka sauka a tasha daga wata makarantar, suka zo suna tambayar inda za su ga tsohon da ya fito a fim ɗin rumbu. A lokacin Ɗanliti na zaune a gaban Gide, ya ba su baya, rabin kansa da kumfar sabulu. Gide ya daɗe yana wasa aska a tafin hannunsa. Ya dubi ƙeyar amininsa, ya dubi yaran.

"Ga shi nan," ya ce. "Amma ku sani, ba ya aiki sai da ni. Ku zauna in gama masa."