Ranar da Na Ƙi Yin Fito

Akwai ranar da ba za ta taɓa fita raina ba, kuma ba a kogin Haɗeja abin ya faru ba. Ku gyara zama, ku masu koyon fito.

Lokacin ina ƙarƙashin Sarkin Ruwa, Madugu Bukar ya roƙi a ba shi ni in raka ayarinsa na kanwa zuwa kudu, don damina ba ta gama janyewa ba. Aikina in ɗaura kaya a kan manyan goruna in tura da iyo, jakuna su biyo.

Can cikin duwatsu, a wani daji da sarkin ƙasar ya hana farauta, muka tarar da kogi shimfiɗe sumul kamar mai. Muna jin rugugi daga nesa, amma mu 'yan fadama duk muka ɗauka cida ce. Madugu ya ce, "Maza ƙetar da mu kafin hadarin nan ya iso."

Ƙa'idar aikinmu, sai ka jefa kara ka ga tafiyar ruwa. Na jefa. Kafin in ƙifta ido ya ɓace.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a nan ba."

Ya ce, "Ashe ɗan Haɗeja na tsoron wannan ɗan rafin?" Fatake suka tuntsire da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban taɓa gora ba.

Sai ga wani tsoho mai tsaron dajin. Ya ja mu gangare kaɗan, ni da Madugu. Wallahi kogin nan ƙarewa ya yi! Ya faɗa wani rami mai zurfin da ya fi giginya kan giginya, fari fat, yana hayaƙi.

Tsohon ya nuna mana: dutsen sama baƙi ne mai tauri, na ƙasa mai laushi. Ruwa na cin na ƙasan, na saman ya rasa madogara ya karye. Ya ce, "Zamanin kakana, bakin ramin nan na can wajen waccan ɗorawar."

Madugu ya daɗe yana kallo. Can ya juyo gare ni ya ce a hankali, "Malam Garba, ina za mu bi?"

Muka hau sama, inda ruwa ke hayaniya tsakanin duwatsu amma bai wuce ƙugu ba. Ko jaki ɗaya ba mu rasa ba.

Na ƙetar da mutanen da ban san iyakarsu ba. Amma in an tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, fiton da na ƙi yi ne, ana yi mini dariya.