Ƙarfen da ke cikin ƙafata

Assalamu alaikum 'yan dandali. Wata goma sha ɗaya ban leƙo nan ba. Yau na samu na hau benen kafe ɗin intanet na Tudun Wada, matakala ɗaya ɗaya.

Wasu sun ji an yanke min ƙafa. Ba a yanke ba. Saura kaɗan.

Acaɓa nake yi. Motar itace ta buge ni a hanyar Laranto, ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye. Aka yi min aiki, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka sallame ni.

Bayan sati uku wurin ɗinkin ya fara tsattsafo da ruwa.

Mu 'yan acaɓa muna da yadda muke yi da ciwo. Ka sayi kafso ja da rawaya a kemis, ka buɗe ɗaya ka zazzage garin a kan ciwon, ka haɗiye biyu. In ya kafe ka bari. Haka na yi. Ya kafe, ya dawo. Na canja wani launi. Wata biyu ina wannan, ban gaya wa kowa ba.

Umma ce ta ji warin. Ta ce, "Sani, kwance tsumman nan in gani." Da ta gani sai ta ɗauki mayafinta. "Tashi."

A asibiti aka ba ni gado. Allura safe da yamma, wankin ciwo da hantsi. Ina kallon sista tana tura auduga cikin ramin kamar ƙafar wani ce. Ko tsoro ban ji ba.

Na gadon kusa da ni, Oga Emeka, mai shagon kayan mota, ciwon suga ya ci masa yatsu biyu. Kullum sai ya ce, "Sani, ƙafa naka ya fi nawa wari, kai ne ciyaman na ɗakin nan." Wani lokaci ina dariya.

Aka ɗebi mugunya aka kai gwaji. Likita ya dawo da takarda, sunayen magunguna a jere, an soke duka sai ɗaya, shi kaɗai zai yi min aiki.

Ya ce, "Me ka sha a gida?"

Na ce maganin ciwon kai kawai.

Umma ta ciro leda daga jakarta, cike da ɓawon kafso. Ƙarƙashin katifata ta samo.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka san santsin da ke kama cikin randa in an daɗe ba a wanke ba? Ƙwayoyin cuta sun yi irinsa a jikin ƙarfen, sun shige ciki. Wataƙila tun ranar aiki suka shiga. Magani yana bi ta sama ya wuce. Wanda ka riƙa sha rabi rabi ya kashe masu rauni, ya bar masu taurin kai. Za mu cire ƙarfen, mu kankare ƙashin. In bai yi ba, yankewa ne daga gwiwa."

Umma ta ce, "Allah ya sa a dace." Ni fanka nake kallo.

Aka cire ƙarfen. Maganin da ya rage ta jijiya ake sa shi, sati shida, ga tsada. A kansa aka sayar da babur ɗina.

Wata rana sista ta ɗaga auduga, ta fito a bushe. Ta ce, "Ka ga nama ja." Na ce to.

Alhamdulillahi, ƙafar tana nan. Ta gajarce, mai gyaran takalmi ya ƙara min taya a ƙasan na hagu.

Umma, likita, sistoci, Oga Emeka, da ku da kuka yi addu'a, Allah ya saka da alheri.

In ɗinki ya fara ruwa, koma asibiti ranar, ka ce a yi gwaji. Maganin da aka rubuta maka, shanye shi duka ko ka ji sauƙi. In likita ya tambaye ka me ka sha, faɗi gaskiya. Ba kowa ne uwarsa ke ɗaga katifarsa ba.