Jan Faifan da Na Kai Makaranta

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, na tabbata zai bar mini wata ranar Asabar ta shekarar 1999, ranar da na kusa hallaka aikin shekara goma na wani dattijo saboda son burga.

Ina da shekara goma sha shida lokacin. Yayana yana da shagon buga takardu a Kontagora, da kwamfuta guda ɗaya da ya sayo ta hannu a Kaduna, wadda yake lallaɓawa fiye da yadda yake lallaɓa mu ƙannensa. Manyan faifan ajiya biyu ne a cikinta, an haɗa su suna aiki kamar ɗaya don sauri. Ya taɓa yi mini bayani cewa kamar tuƙar igiya ce: duk abin da aka rubuta, sai injin ya raba shi gutsure-gutsure, wannan faifai ya riƙe rabi, wancan rabi. Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali hankalina yana kan wani ƙaramin faifan filofi ja da ke cikin durowa. Sauran duk baƙaƙe ne, shi kaɗai ne ja.

Na saka shi a jaka na kai makaranta. Na ce wa 'yan ajinmu tambayoyin jarrabawar lissafi ne a ciki, shagonmu aka kawo bugu. Kafin a fita tara na zama sarauniya, har mai yi mini fifita na samu. Kafin a tashi kuma labari ya kai kunnen malamar lissafi, ta ƙwace faifan. Na koma gida na ɓoye wa Yaya zancen.

Ranar Juma'a aka ɗauke wuta Yaya yana tsakiyar aiki. Da aka dawo da ita, kwamfuta ta ƙi tashi. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta lalace, sai an sake ɗora ta. Yaya bai damu ba, ya ce aikin awa ɗaya ne.

Da safiyar Asabar ya soma. Sai ga allo ya nuna masa faifai biyu a rarrabe, kowanne wai babu komai a cikinsa, yana tambaya ko a goge su a shirya su sabo. Yaya ya janye hannunsa daga madannai kamar ya taɓa garwashi.

A cikin injin nan akwai littafin wani tsohon hedimasta daga wajen Auna, wanda ya yi shekara goma yana bin tsofaffin garinsu yana rubuta tarihi da tatsuniyoyin Kambari. Yaya ya gama buga masa, saura gyara a fitar a takarda. Rubutun hannun kuwa, da Baba Hedimasta ya mayar gida, gara ta cinye fiye da rabinsa. Yawancin tsofaffin da suka ba shi labaran sun rasu.

Yaya ya sake kunna injin sau uku. Ya buɗe murfi, ya duba wayoyi, ya hure ƙura, ya tabbatar kowane faifai yana juyawa. Allo bai canja magana ba. Can ya ce, “Af, tafinta ne babu. Sai an ba shi ƙaramin faifan da zai gaya masa cewa biyun nan abu ɗaya ne.” Ya jawo durowa. “Auta, kin ga wani jan filofi?”

Na yi kamar ban gane ba.

“Ja kamar yaya?” na ce.

“Ja kamar ja. Ja nawa kika sani?”

Muna cikin haka Baba Hedimasta ya yi sallama, ya zo da goro da sabon biro don yin gyara. Ya dubi fuskar Yaya, ya dubi allo, ya zauna a hankali a kan benci.

“Ɗana, ni ban san harshen injin nan ba. Ka gaya mini kawai, littafin yana nan ko ba ya nan?”

“Yana nan, Baba. Amma ƙofar ce babu mabuɗi.”

Tsohon ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Wannan ne ya karya ni. Na faɗi gaskiya duka, har da mai fifita.

Yaya bai daka mini tsawa ba, wanda ya fi duka ciwo. Ya ce, “Hau babur.”

Mun sami Malama a gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na yi bayani, muryata kamar ta ɗan akuya. Ta shiga ɗaki ta fito da langa, ta buɗe, ga faifan naɗe cikin hankici. Ashe ranar Litinin take shirin kai wa shugaban makaranta. Ta ce ba ta yarda da ni ba ko da na rantse, sai ta ga abin da ke ciki da idonta. Haka ta hau bayan babur da langa a cinya, ni kuma na biyo su a guje.

Na iso ina haki Yaya yana zura faifan. Injin ya yi gurnani, ya ce ba ya iya karantawa. Na fara tunanin garin da zan gudu, na zaɓi Sahon Rami. Yaya ya fitar da shi, ya ɗan buga a tafin hannu, ya yi bismilla, ya mayar. Gurnani ya sake tashi, ya daɗe, sannan allo ya nuna faifai guda ɗaya babba, cike da kayansa. Yaya ya zaɓi a ɗora manhajar ba tare da an goge komai ba. Muka zauna kusan awa guda, ni ina roƙon Allah kada a ɗauke wuta.

Da injin ya tashi, Yaya ya buɗe littafin. Baba Hedimasta ya matso da fuskarsa dab da allo, ya karanta layin farko da Kambarci. Malama, wadda ita ma Bakambara ce, ta ƙarasa masa layi na biyu da ka, domin tatsuniyar da kakarta ke yi mata ce. Sannan ta juyo gare ni.

“To, ina lissafin?”

“Babu, Malama.”

“Akwai. Ranar Litinin ke za ki yi shi a allo, gaban masu yi miki fifita.”

Yaya bai bar ni na tashi ba sai da na kwafe littafin a filofi uku, na rubuta wa kowanne suna, Baba ya tafi da biyu a aljihu.

Yau shekarata ta haura arba'in. Tun daga ranar, idan inji ko mutum ya ce mini babu komai a ciki, ba na saurin gogewa, sai na fara neman abin da ya hana a gani. Kuma abin da ban san aikinsa ba, komai kyan launinsa, a durowarsa nake barin sa.