Mashigin da na tambaya sau uku

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina dillancin hatsi tsakanin Ƙaura da Shinkafi, kuma abu ɗaya sana'ar ta dasa mini: ba na yarda da baki ɗaya. In wani ya ce gero ya yi kyau a Badarawa, sai na tambayi na biyu, na kuma tambayi na uku, ba tare da ɗayansu ya san na tambayi ɗan'uwansa ba.

Da hanya ta lalace, zuwa kasuwar ƙauye ya zama sai da addu'a, na rage fita. Na sayi ɗan lambu a bakin gulbi, bayan gari, na yi fangali na dasa albasa, na sa tattasai da yakuwa a gefe. Ba ni da injin ban ruwa. Na maƙwabcina muke amfani da shi, wani dattijo da ya girme ni nesa, ina ce masa Baba. Mu biyar ne a kan injin, kowa da ranarsa, kowa da mansa. Tawa Talata ce.

A lambun na fara abin da na daɗe ina so, wato rubuta littafi. Labarin mahaifina nake son ajiyewa, yadda suke koro jakuna da gyaɗa daga wajen Zurmi zuwa tashar jirgin ƙasa. In na gama cirar ciyawa sai in zauna ƙarƙashin mangwaro da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Inda na maƙale shi ne gulbi. Ta ina suke ƙetarewa da damina? Na tambayi Baba, tunda yana yaro ya sha bin ayarinsu, ya kwatanta mini wani tsohon mashigi ƙasa da lambunanmu. Bayan kwana biyu na tambayi wani masunci. Ranar Juma'a na ja mai gyaran keke gefe na tambaye shi, har da ko babur zai iya wucewa yanzu, don in kimanta zurfin ruwan. Na zana taswirar hanyar, na ji daɗi.

Ba a yi sati biyu ba aka kore shanun noman wani mutum, ta wannan mashigi.

Ba wanda ya ce mini komai. Amma wanda ya yi rayuwa a kasuwa ya san lokacin da aka daina taya kayansa. Sallama ta gajarce. In na doso majalisa sai hira ta koma kan zafin rana. Talata ta zo, Baba ya ce inji ya lalace, alhali da Laraba ina jin ƙararsa daga lambuna. Talata ta biyu ya ce tiyo ya fashe. Ganyen albasata ya fara kwanciya, bakinsa ya yi rawaya. Ina ɗibar ruwa da bokiti, amma bokiti ba ya shayar da lambu.

Ni ma na fara zargin kowa. Masuncin nan, me ya sa ya san hanyar haka dalla-dalla? Mai keke fa, wa yake yi wa waya in na juya baya? Matata ce ta kawo mini kalmar daga gidan suna. Ta ce, “Malam, ana cewa kai infoma ne, kai ke kai wa ɓarayin daji labari.” Na san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan suna a ƙasarmu. Ba a kai shi gaban alƙali.

Ban jira a zo mini ba. Da hantsi na ɗauki littafin na sami Baba yana gyaran kwalbatin ruwa.

Na ce, “Baba, inji ya warke?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Alhaji, mi kaka rubutawa ƙarƙashin iccen ga kullum? Mutum ukku ka tambaya hanya guda. Mai son sani sau ɗaya shika tambaya.”

Na ce, “Ga shi, karanta.”

Ya ce, “Ka san ban iya boko ba, shi ya sa kaka miƙo min. Kuma in kai ka karanta, abin da ka ga dama za ka faɗi.”

Gaskiyarsa. Da ni ne, haka zan ce. Muka amince a kira wani malamin firamare, ɗan gidan limamai, wanda ba ya kan injin, ba shi da dalilin kare ni. Bayan la'asar aka taru bakin lambuna, har da mai shanun, ya zauna nesa da ni yana karya kara.

Malamin ya karanta daga farko, bai tsallake layi ba. Jakuna, buhunan gyaɗa, ranar da mahaifina ya fara ganin jirgi ya sheƙa da gudu ya bar takalminsa. Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Baba ya katse malamin: “Ƙarya ta, ba tsohonka ɗai yag gudu ba, duk munka gudu.” Da aka zo shafin taswira, malamin ya ɗaga shi kowa ya gani.

Mai shanun ya ce, “To na ji labari na. Amma in takardag ga ta faɗi a kasuwa, wa za ya tsince ta?”

Na karɓi littafin, na yage shafin da na bayansa inda na rubuta zurfin ruwa, na miƙa masa. Ya ninke ya sa aljihu, bai ce na gode ba, ban kuma sa rai ba.

Talata ta gaba inji ya zo. Fangali huɗu sun riga sun mutu, sauran suka farfaɗo. Baba ya tsaya kaina har ruwan ya kai ƙarshen lambu, abin da bai taɓa yi ba. Da zai tafi ya ce, “In ka sake rubuta wani abu, kawo malam shi karanta muna tukuna.”

Na ce, “Duka?”

Ya ce, “Duka.”