Ganyen Citta da Ƙarin Mama

Mahaifiyata ta shekara arba'in tana noman citta a ƙauyenmu kusa da Kachia, kuma ba ta taɓa tona kunya don ta duba ko citta ta nuna ba. Ganye take kallo. Duk wanda ta kama yana tonon gwaji, sai ya sha faɗa.

Da ciwon ciki ya matsa mata, likita a Kafanchan ya ce yana zargin ƙari ne can ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Ya tura mu Jos a ɗauki hoto. Mama ta ce allambaram.

"Babanku sun buɗe shi don su duba, sun rufe, ya tafi wurin Ubangiji," in ji ta. "Ni ba wanda zai duba ni da wuƙa."

Na tsorata, kuma na ji haushi, don wannan fannina ne. A jami'a bincike nake kan ƙwayoyin ƙarfe ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, da ake so su bi jini su taru a jikin ƙari, har ya fito sarai a hoto. Namu bai iso asibiti ba tukuna, amma akwai allurar da ake yi mai irin wannan aiki. Na yi mata bayani sau uku. Ta ce turancina ya fi ciwon gajiyar da ita.

Sai na bi ta gona. Tana dafe da ƙugu, tana nuna mini inda ganye ya yi rawaya.

"Mama, ya kika san akwai citta a nan?"

"Ba ga ganye ba? Makaranta ta cinye miki ido?"

"To, allurar nan ganye za ta fitar wa ciwon. Ba tono."

Ta gyaɗa kai. Na san na kama ta.

A Jos aka yi allurar, aka shigar da ita na'urar ɗaukar hoto. Ƙarin ya fito fari tas, a bayan hanji. Likitan Jos ya fara kewaye-kewaye, don maganar tiyata ce a bakinsa.

Mama ta ɗora yatsa a kan hoton.

"Nan ne?"

"Nan ne, Mama."

"To, yanzu kun san inda za ku sa fartanya," in ji ta. "Ku tona."