Furfurar Hawe Nyevu

A garinmu, can cikin gonakin kwakwa na bayan Kilifi, furfura ba abin ado ba ce. Ni na fi kowa sani, domin ɓoye ta ce sana'ata. Sunana Kanze, ina da shagon kitso a bakin kasuwa, amma rabin masu zuwa wurina tsofaffi ne, maza da mata, masu lallaɓowa ta ƙofar baya in rina musu kai ya koma baƙi wuluk. Ba don gayu suke yi ba. Tsoho mai farin kai da gona mai kyau, in yaro ya kwanta ciwo a maƙwabta, sunan tsohon ake fara raɗawa wai maye ne, daga raɗa kuma sai adda. Mun binne waɗanda aka yi wa haka, mun kuma ci tuwon zaman makokinsu tare da waɗanda suka yi aikin.

Hawe muke ce wa kaka, kuma duk garin Hawe Nyevu ake kiranta, har waɗanda suka kusa sa'anninta. Saƙar ganyen kwakwa na jinka take yi tun tana budurwa. Mijinta ya rasu da daɗewa, ya bar mata gona da 'ya'ya biyu: Kitsao da ke zaune da iyalinsa a gida ɗaya da ita, da Kabibi mai aikin girki a wani otal a Malindi. Kabarin mijin yana tsakiyar gonar, gindin wata yazawa, kuma kullum da safe sai ta share shi tana ba shi labarin gari.

Baiwarta kuwa kwaikwayo. In ta zauna ina shafa mata rini, sai ta yi min fasto yana wa'azi da mura, ta yi mai unguwa yana neman tabaransa alhali yana kan hancinsa, ta yi ni kaina ina masifa da mai kawo ruwa. Sau nawa na ɓata mata goshi da rini saboda dariya! Ta taɓa gaya min cewa tana amarya wasu 'yan wasan kwaikwayo suka zo gari, suka so ta bi su, amma ga Kitsao a goye, sai ta tsaya bakin hanya tana kallon motarsu har ta ɓace.

Shi ya sa da masu shirya fim suka zo daga Mombasa sayen jinka, ban yi mamakin abin da ya biyo baya ba. Suna ciniki ta kwaikwayi daraktarsu a gaban idonta, wata 'yar siririya mai magana ta hanci. Yarinyar ta yi dariya har da hawaye, ta ce dama tsohuwa suke nema a wani fim na ban tsoro. Sharaɗi ɗaya ne, ta bar kanta ya yi fari.

Na ce, "Hawe, kin haukace ne? A garin nan za ki saki furfura?"

Ta ce, "Ke dai ciniki kike tsoron rasawa, 'yar nema."

"Wallahi kyauta zan riƙa yi miki."

"Kyautarki ta sha ruwa. Jikata, na jira motar nan tun kafin a haifi uwarki. Ta dawo, kuma sai na shiga."

Ta shiga ɗin. Ta yi 'yan makonni a can ta dawo da kai fari fat, tana tafe tana rangaji. Na ɗauko kwalbar rini, ta ture hannuna. Ta ce tun da take a duniya ba a taɓa tafa mata ba sai can, kuma da wannan kan aka tafa mata. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ita kuwa ta zauna tana kwaikwayona.

Bayan damina fim ɗin ya fito a wata manhajar kallo ta intanet, irin wadda sai ka biya kowane wata. Wa zai biya a garinmu, inda mutum ke sayen data kamar gishirin miya? Babu wanda ya ga fim ɗin. Abin da ya iso mana guntu ne da wani ya yanko, ba suna, ba rubutu, ba farko ba ƙarshe. Hawe Nyevu ce tsugune a ƙofar wata bukka tana tona rami da farce, tana waƙar rarrashin jariri a hankali. Ta binne wani ƙulli, ta ɗago, ga jini a haɓarta, ta kalli mai kallo ta yi murmushi. Ni da na san ta ciki da bai, sai da tsigar jikina ta tashi.

Da farko dariya aka yi ta yi. Sai Baya, mai hawa kwakwa yana tatsar giya, ya faɗo daga wata bishiya a iyakar gonarta ya karye a baya. Daga ranar dariya ta ƙare. Aka daina sayen jinkarta. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta nufo rijiya. Wata safiya ta tarar an sare wa akuyarta ƙafafun baya an bar ta tana ja da ciki. Duk wanda ya girma a nan ya san abin da ke bin wannan.

Kitsao ya fi kowa ɗaga murya. Ya riƙa zagaya kasuwa yana bugun ƙirji, wai duk wanda ya taɓa uwarsa sai ya ga abin da ba ya so. Ni kuma na shiga nawa aikin. Mace in tana tsakanin gwiwoyina, gashinta a hannuna, ba ta iya yi min ƙarya. "Wa ya tura miki guntun nan?" Sai in ɗan ja. Wannan ta ce wance, wance ta ce mijinta, mijin ya ce wani ɗan acaba. Na bi zaren har ƙarshensa, ƙarshen kuwa wayar Kitsao ce. Sai na tuna yadda ya daɗe yana kawo baƙi masu awon filaye su zagaya gonar, uwar tana korarsu da tsintsiya saboda kabarin. Ranar na kulle shago na zauna cikin baƙin ciki, na rasa bakin da zan gaya wa Hawe.

Wurin mai unguwa na nufa, Mzee Fondo, wanda ni ke rina masa kai shi ma. Ya fara kame-kame, wai ba a kawo masa ƙara ba.

Na ce, "Baba, ranar da aka gama da ita, kan wa kake tsammani za a duba? Ko in daina ajiye maka kwalbarka?"

Sai ya ce me nake so. Na ce a tara gari a nuna fim ɗin gaba ɗayansa. Kabibi ta turo mana lambobin shiga manhajar daga Malindi, tana kuka a waya tana cewa mu sa uwarta a mota kawai. Hawe ta ce ba inda za ta, ita ma ba ta ga fim ɗin ba, kuma tana so ta ga ko ta yi kyau.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka cika rumfar kwano da ake kallon ƙwallo. Zafi kamar a gasa mutum. 'Yan'uwan Baya suka tsaya a baya kusa da ƙofa, sun taho daga gona, ko kuwa haka suka ce, addunansu a hannu. Hawe ta zauna a bencin gaba, ni a damanta, Kitsao a hagunta ya dafa mata kafaɗa. Na kalli hannun nan nasa na ji kamar in cije shi.

Fim ɗin mugun abu ne, ba na ɓoyewa. Wata yarinya ce ta komo gidan kakarta, mutanen gidan suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma kullum tana ganin kakar tana abubuwa a ɓoye. Ba dodo, ba fatalwa, sai shiru da ƙarar ƙofa da idon tsohuwa ta kafar katanga. Rumfa ta yi tsit. Duk fitowar Hawe sai in ji ana gyara tsayuwa a bayanmu. Na fara tunanin ko ni na tara mata mutanen da za su kashe ta.

Aka zo wurin guntun nan. Ta tona, ta binne, ta ɗago da jini a haɓa, ta yi murmushin. Nan sabis ya ɗauke. Fuskar ta tsaya cak ta cika talabijin, ɗan zoben nan na jiran sabis yana ta juyi a kan hancinta.

Ƙanin Baya ya ce daga baya, "To ga shi. Ita ta tsayar da shi, don kar mu ga saura."

Wani ya ce, "Me ma ya rage a gani?"

Mai rumfa ya hau benci yana ɗaga waya sama, gumi na zuba. Na ji ƙarfe ya gogi ƙarfe a bakin ƙofa. Hannun Kitsao kuwa ya sauka daga kafaɗarta.

Sai Hawe ta miƙe, ta juya ta fuskance su, farin kanta a ƙarƙashin waccan fuskar. Ta toshe hanci ta yi muryar darakta: "Kaka, a sake! Kaka, kin yi kyau amma kin lashe jinin!" Ta koma muryarta. "To ya zan yi? Zuma ce da jan kala. Ni da rabona da zuma tun bikin Kabibi. Sai da suka ɓoye kwalbar." Wata mata ta tuntsire ta yi maza ta rufe baki. Hawe ta nuna ƙanin Baya da haɓa. "Kai ɗan gidan Masha, ka san abin da ke cikin ƙullin? Mahamri ne guda, irin fanken nan namu, na karin safe. Suna cewa an gama na tone abina na cinye, da ƙasar da komai. Maitar ke nan, yunwa."

Dariyar ba ta yi yawa ba, kuma ba ta kai baya ba. Amma ta riƙe su, ta yi musu mai kyamara yana faɗawa rami, ta yi kanta tana mance magana. Har zoben ya ɓace, hoto ya motsa, ta zauna a hankali.

Ashe a fim ɗin yarinyar ce ba ta da lafiyar ƙwaƙwalwa, ita ke zuba wa mutane guba ba ta sani ba, kakar kuwa tana bin bayanta tana binne shaida don kar a kama jikarta. Mutanen ƙauyen fim ɗin ba su tsaya bincike ba. Suka zo da rana tsaka da adduna, cikin irin kayanmu, suna magana irin tamu. Ba a nuna saran ba, ƙararsa kawai aka bari, da muryar Hawe tana kiran sunayensu ɗaya ɗaya tana tuna musu ita ta yi musu wanka suna jarirai. Mata suka fashe da kuka. Da na waiwaya, babu kowa a bakin ƙofa.

Ba wanda ya ba ta haƙuri, mu ba mu iya wannan ba. Amma matar Baya ta tsaya ta gaishe ta, wani kuma ya tambayi ko akwai jinka. Na riƙo hannunta muka fito, zuciyata fes, har na fara yi mata tsiya cewa ta zama tauraruwa sai a hankali. Kitsao ya wuce gaba yana gaya wa mutane dama shi ya faɗa.

Ta ce, "Kanze, kira min ɗan acaba. Malindi za ni."

"Yanzu? Hawe, ai an gama. Ba ki ga sun watse ba?"

"Na gani."

Na tsaya ina juya maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce, "Akwai abin da ban gaya miki ba, game da wanda ya fara tura..."

Ta ce, "A gabana Kitsao ya yanko guntun. Kabibi ta turo masa fim ɗin don ya nuna min, ya ce data ba za ta isa ba. Yana zaune a tabarmata, yana cin tuwona, ya ce, Mama, nan ne kika fi iyawa, bari in ajiye." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Na ɗauka alfahari yake da ni. Har na ƙara masa miya."

Sai hawaye suka zubo min.

Ta ce, "Taro ba ya ba ni tsoro, jikata. Taro yana gajiya, kowa ya koma gidansa ya kwanta. Shi kuwa gidansa shi ne gidana."

Ba ta koma ta ɗauki ko tsinke ba. Ta hau bayan babur a karkace irin zaman tsofaffi, ta riƙe rigar yaron da hannu biyu. Kitsao ya hango ta daga nesa, ya ɗaga hannu ya ƙwala mata kira, "Mama, ina zuwa?" Ta ce wa ɗan acaban ya ja.