Neman Bandejin Azurfa a Kaduna

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Zariya, ni da ƙanwata, za mu duba yayanmu mai walda da ke kwance a asibiti a Kaduna. Ƙarfe ne ya soke shi a ƙafa wata huɗu da suka wuce, ciwon ya ƙi warkewa, har likitoci sun fara maganar yankewa. Ni mai kemis ne, don haka na cika leda da kafso, irin wanda na saba aika masa.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ga mu huɗu a kujerar mutum uku. A Mararraba muka sayi ƙosai, girmansa kamar goro, ƙanwata ta ce ko ƙosai ma ya ji jiki. Dariyar da muka yi ke nan a duk tafiyar.

Da hantsi muka ƙetare gada muka shiga Kakuri, inda asibitin yake. Tun daga ƙofar ɗaki warin ciwon ya tare ni, na dake don kada Yaya ya gani a fuskata. Likita, wata mata mai ƙaramin jiki, ta leƙa ledata, ta ja ni gefe.

"Malam, tun yaushe yake shan waɗannan?"

Na ce shekara da shekaru, in ya ji mura ko ciwon ciki sai ya haɗiyi biyu, kuma da ƙarfen ya soke shi ni na ce ya riƙa buɗe kafso yana barbaɗawa. Ta nuna min takardar gwaji. An gwada magunguna iri-iri a kan ƙwayoyin cutar ƙafarsa, duk sun saba da su, ba wanda ke kashe su. Ta ce shan kafso barkatai ne ya jawo haka. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Ta ce akwai wani bandeji da ake cusa wa garin azurfa mai laushin da ido ba ya gani, yana kashe ƙwayoyi ta hanyar da ba ta kafso ba. Har yanzu masana na bincike a kan irin waɗannan abubuwa. Amma a saman ciwo yake aiki, in ruɓar ta kai ƙashi ba zai yi komai ba. Hoton ƙafar zai fito da yamma, kuma su ba su da bandejin.

Muka hau keke-napep neman bandejin. A unguwar Television mun shiga shagunan magani biyar, wani ya miƙo mana filasta, wani ya ce mu gwada kasuwar 'yan gwal. Hanyar Romi ruwan sama ya cinye ta, sai da muka sauka muka taya mai keke turi. Abincin rana gasasshiyar masara ce, ita ma ban iya gamawa ba. A Sabon Tasha wani dattijo Ibo mai sayar da kayan asibiti ya saurare ni har ƙarshe, ya shiga ciki ya fito da fakiti ɗaya.

"Alhaji, shi kaɗai ya rage. Allah ba shi lafiya."

Na rungume fakitin har asibiti. Muna isa bayan la'asar likita ta ɗaga hoton a jikin taga, ba sai an fassara min ba. Ruɓar ta riga mu zuwa ƙashi. Washegari da safe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Bandejin muka bar wa wani tsoho na gadon kusa.

Kwana uku muka yi a gidan Yaya a Unguwar Mu'azu, muna zirga-zirgar kai abinci. Ranar da za mu taho ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Duk dangi ba wanda ya kula da lafiyata kamar kai." Bai ji abin da likita ta gaya min ba, ni kuma amin kawai na ce.

Mun iso gida lafiya kafin magariba. Abin da tafiyar ta koya min shi ne sabon magani, komai kyansa, ba ya gyara ɓarnar da aka yi da tsohon magani, kuma ganganci da jahilci iyakarsu ɗaya. Yau mako guda ke nan. Kullum Yaya na kira yana min godiya, ina cewa ba komai.